Saurin da ke jikin kwali da saurin da agogo ke nunawa

A makon jiya wani ɗalibin fasahar lantarki ya same ni a shagona da ke Tudun Wada, riƙe da ƙaramin allon da ya haɗa domin karanta zafin ɗaki. Ya ce, "Malam, an rubuta cewa aisin nan yana gudu a megabit 12 a sakan guda, amma da ƙyar nake samun karatu sittin a sakan, ko jabu aka sayar mini?" Aisin (IC, wato ƙaramin guntun lantarki da ake ɗorawa a kan allo) da yake nufi shi ne FT232R na kamfanin FTDI da ke Gilasgo a Sikotilan, wanda ke fassara tsakanin kafar USB ta kwamfuta da layin siriyal na allon, wato layin da ke aika bayanai bit ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ya zauna mu yi lissafi kafin mu zargi mai kanti.

Abu na farko da ke rikitar da mutane shi ne bambancin bit da bayit, domin kwali yana ƙidaya da bit, fayil kuwa da bayit ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, yana da megabit 480, wato megabayit 60 a takarda, amma ƙa'idar kanta ba ta barin fiye da ƙunshi 13 masu bayit 512 su wuce a kowane kashi ɗaya cikin dubu takwas na sakan, saboda haka iyakarsa kusan megabayit 53 ne, a aikace ma 30 zuwa 40 aka saba gani. USB 3.0 na shekarar 2008 yana da gigabit 5, sai dai yana kashe bit goma kan kowane bayit, ya rage megabayit 500 tun kafin a cire sauran ɗawainiya.

Matsalar ɗalibin nan ta fi wannan ban sha'awa. Megabit 12 ɗin saurin ɓangaren USB ne kawai, alhali ya saita ɓangaren siriyal a kan bit 115,200 a sakan, inda kowane bayit ke tafiya da bit ɗaya na farawa da ɗaya na tsayawa. Idan aka raba da goma, bayit 11,520 ke nan a sakan. Ko hakan ma ya ishe shi, domin saƙonninsa gajeru ne. Abin da ya riƙe shi wani agogon jira ne da ke cikin aisin, wanda aka saita a kan milisakan 16 (milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya) tun daga masana'anta: idan ƙunshin bayanai bai cika ba, aisin yakan jira wannan lokaci kafin ya miƙa wa kwamfuta abin da ya tara. Shi kuwa manhajarsa tana tambaya ne ta jira amsa sannan ta sake tambaya, kuma dubu a raba da 16 ya ba da 62 da ɗoriya, daidai da abin da yake kuka da shi. Muka shiga saitin direban (manhajar da ke haɗa kwamfuta da aisin) a Windows muka mayar da agogon milisakan 1, nan take lambobin suka fara zubowa.

Ni dai ban yarda da awon da aka yi da ƙaramin fayil ba, musamman a kan filash ko faifan waje, domin kwamfuta takan ajiye bayanan a ram, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, ta nuna an gama alhali tana nan tana rubutawa. Nakan yi amfani da fayil guda mai gigabayit da yawa, in kama lokaci har rubutun ya kammala, in maimaita sau uku da kebul ɗaya a kafa ɗaya. A Linux nakan fara da umarnin lsusb -t, wanda ke nuna ko na'urar ta haɗu a 480M (saurin USB 2.0) ko a 5000M (saurin USB 3.0), tun da kebul mai waya huɗu kacal yana mayar da na'urar USB 3.0 zuwa saurin 2.0 ba tare da wani ya sani ba. Irin wannan kebul ɗin yana da yawa a kasuwa, wani ma har da shuɗin baki irin na USB 3.0.