Asabar ɗin da na ga dutse ya yi jajir

Yau ruwan sama ne ya tashe ni tun kafin kiran assalatu, irin ruwan nan na Legas na watan Oktoba da ba ya sallama, kawai sai ka ji shi a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. An ɗauke wuta tun dare. A gida na yi sallah, don layinmu nan Agege in aka yi ruwa sai ka naɗe wando har gwiwa kafin ka kai masallaci. Ina zaune kan darduma wajen shida da rabi sai ga bidiyo kol ɗin ƙanina da yake karatu a Japan. Gabana ya ɗan faɗi, don ba lokacin kiransa ba ne, na ɗauka ina cewa lafiya dai ko, shi kuwa ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, sai cewa ya yi "Yaya don Allah kalli nan", ya juya kyamarar.

Wallahi shiru na yi. Dutse ne guda tun daga sama har ƙasa, bishiya a jikin bishiya, amma babu kore sai jefi-jefi. Wani wajen ja ne jajir kamar an shanya zoɓo, wani ruwan goro, wani ruwan ɗorawa, wani kamar lallen da ya kama sosai, ga wani ƙaton tafki a gindin dutsen duk launin ya kwanta a cikinsa. Su can ƙarfe biyu da rabi na rana ne, don awa 8 suke gaba da mu, rana na haska ganyen ta baya har kamar suna ƙyalli. 'Yata ƙarama da ta taso da hamma ta leƙo ta kafaɗata, ta ce "Abba, gobara ce ta kama dajin?" Ƙanin nawa ya yi dariya ya ce mata a'a, kaka ce ta zo musu.

Wajen sunansa Nikko, tafiyar kamar awa 2 ce a jirgin ƙasa daga Tokiyo. Tafkin kuma Chuzenji, yana can saman tsaunuka, sama da mita 1,200 daga matakin teku, dutsen da ya tsaya a kansa Nantai, shi kuma ya haura mita 2,400. Ya taka da ni a waya har inda ruwan tafkin yake zubowa ƙasa, wajen da suke kira Kegon, tsayin zubowar mita 97, ƙarar ruwan ta cika wayar har ba na jin me yake cewa, ni ma nan ruwa na dukan kwano, muka zama kamar kurame biyu muna ta nuna wa juna abu da hannu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hanyar hawa wajen. Sunanta Irohazaka, kwana, wato lanƙwasa, guda 48 gare ta in ka haɗa ta hawa da ta sauka, don hanyar hawa daban ta sauka daban, kuma kowace kwana an kafa mata allo da harafi ɗaya daga tsofaffin haruffansu guda 48, kamar dai a ce ka bi hanya kowace kwana ana karanta maka alif, ba, ta har ka kai ƙarshe. Ya ce motar da a ranar da ba mutane ba ta kai awa ɗaya ta hau, yau sun kusa awa uku saboda goslo. Na ce goslo kuma, a Japan? Ya ce Yaya ai kowa ya fito kallon ganye. Tsofaffi da sandunansu, matasa, masu goyo, duk sun bar gida tun asuba. Har suna gare shi a yarensu, momijigari, wato farautar jan ganye, kuma kamar yadda ake hasashen ruwan sama haka suke da taswirar hasashen ganye, a gaya maka yau launi ya kai wane gari. Yana farawa ne daga arewa da saman duwatsu, tsaunukan Daisetsuzan na Hokkaido tun tsakiyar Satumba, ya yi ta gangarowa a hankali, ba ya isa Kiyoto sosai sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ko a dutse ɗaya ma daga ƙololuwa yake somawa, don can sanyi yake fara sauka, shi ya sa wanda ya makara a sama sai ya tare shi a ƙasa.

Netwok ya yanke mu, ni kuma lokacin fita ya yi.

Na shiga danfo zuwa Mile 12 inda nake riƙe wa maigidana lissafin albasa, muka maƙale a Ojota kusan awa guda, ruwa na ɗiga ta gefen taga yana jiƙa min hannun riga. Ina kallon waje ina tunani, shekarata tara a garin nan kuma in ba kalanda na duba ba ban san wane lokaci ake ciki ba. Ruwa ne ko zafi, shikenan, sai ɗan hazon da yake leƙowa wajen Disamba ko Janairu ya koma. Bishiyoyin ma da suka rage kore shar suke shekara. Mu da muka tashi muna sanin damina da kaka da hunturu da bazara a jikinmu, ƙamshin iska kawai ya ishe ka ka san an kusa yankan gero, yau ga ni kaka ta shigo ban ma sani ba sai da yaro ya kira ni daga wata duniya ya faɗi sunanta. Abin ya taɓa ni gaskiya, fiye da yadda na zata.

Kasuwa yau caɓi ne kawai, mota biyu ta sauke mana, ɗaya ruwa ya taɓa buhunan sama sai da muka zazzage muka ware. Ba wani labari a nan.

Bayan azahar na zauna cin abinci kusa da wani dattijo ɗan wajen Sakkwato da muke kira Baba, ya fi shekara talatin a kasuwar. Na nuna masa hotunan da ƙanina ya turo bayan netwok ya dawo. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo, ya ce "Ikon Allah. To ciwo ne ya kama itatuwan?" Na ce a'a Baba, shirin sanyi suke. Na ba shi bayanin yadda ƙanina ya yi min, don shi fannin tsirrai yake karanta. Koren da ke jikin ganye wani sinadari ne, kulorofil, da shi bishiya take haɗa abincinta da hasken rana. In yini ya fara gajarcewa dare ya yi tsawo ya yi sanyi, sai bishiyar ta daina yin sa, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen ta mayar jikinta ta adana. Rawayan nan dama yana ciki tun farko, kore ne ya rufe shi. Ja kuwa sabo ne, daga sukarin da ya rage a ganyen ake yin sa, shi ya sa shekarar da aka samu rana tas da yini, da dare kuma sanyi wanda bai kai ƙanƙara ba, jan ya fi kyau. Daga nan sai bishiyar ta toshe gindin ganyen ya faɗi.

Baba ya gyaɗa kai ya ce to ai rumbu take cikawa kenan. Wallahi ban taɓa jin wanda ya faɗi abin a taƙaice haka ba. Ya ce mu ma namu itatuwan suna zubar da ganye ai, kuka in rani ya shigo tsirara take tsayawa, sai dai namu ƙishirwa ce take sa su, ba sanyi ba. Sai ya kawo zancen gawo, wanda shi nasa a juye yake, da damina kowa na kore shi ya kaɗe ganyensa ya tsaya fayau, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma kowa ya bushe shi ya yi lif, dabbobi su samu inuwa da 'ya'yansa. Ya ce da mutanen Japan ɗin nan za su ga gawo su ma sai sun shiga mota sun zo kallo. Ni kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Maganar ta tuna min da shekarar da na yi bautar ƙasa a Gembu, kan tsaunin Mambilla. Hanyar hawa can ma kwana-kwana ce, kana hawa kunnenka na toshewa, gajimare a ƙasanka, sanyi sai da bargo biyu. Tsayi kam muna da shi, Chappal Waddi da ke yankin, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, kusan kai ɗaya da wannan Nantai ɗin. Amma ganye ba ya yin ja a can, saboda mu kusa da tsakiyar duniya muke, tsawon yininmu ba ya wani canjawa, nan Legas bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai kai awa ɗaya ba, bishiya ba ta samun wannan saƙon. Abin da Mambilla take yi shi ne in ruwa ya ɗauke ciyawar tuddan nan ta koma ruwan zinare, tudu bayan tudu har iya ganinka, shanu a warwatse a kai. Na tsaya na kalla sau da yawa a lokacin amma ban taɓa ɗaukar sa a matsayin abin da mutum zai yi tafiya takanas don shi ba. Yau na gane kuskure na yi.

Da la'asar na kira Inna a gida, can wajen Funtuwa. Ita ba ta faɗin sunana tunda ni ne na fari, sai dai "kai ne?" Na ce Inna ya kaka? Ta ce alhamdulillahi, masara ta shigo gida, ana cirar gyaɗa, dawa kuma ta sunkuyar da kai ta fara ja, saura ɗan lokaci a shiga yanka. Ta ce har an fara shanya barkono a kan fa ɗin nan na bayan gari. Tana faɗa na gan shi a idona, falalen dutse guda an lulluɓe shi da jan barkono tun daga sama, yara na zaune gefe suna korar awaki, gonaki duk sun yi ruwan ƙasa-ƙasa, iska ta fara bushewa leɓe na tsagewa. Ashe mu ma muna da dutsen da yake yin jajir da kaka. Na kasa ce mata komai na ɗan lokaci har ta ce ko layin ya yanke ne.

Da dare bayan an kawo wuta muka zauna da maiɗakina ina ta bincike a waya har data ta kusa ƙarewa. Amurka su ma kallon ganyen kaka abu ne babba a wajensu. Akwai wata hanya, Blue Ridge Parkway, mil 469, kusan nisan Legas zuwa Abuja, a kan doron tsaunuka take tafiya daga jihar Bajiniya har Karolina ta Arewa inda ta haɗe da tsaunukan Great Smoky, ba a yi ta don sauri ba, don kallo aka yi ta, kuma Oktoba ne lokacinta. A Kolorado kuma wata bishiya ce aspen, ita rawaya take yi tun ƙarshen Satumba, kuma sai ka ga kurmi guda ashe duk saiwa ɗaya ce ta haife su, shi ya sa suke juyawa tare lokaci ɗaya. Kanada kam ganyen mepul ɗin ma ja suka sa a tutarsu tun 1965. Maiɗakina ita Seoraksan na Koriya ta Kudu ta zaɓa, saboda duwatsun can tsaye suke tsirara masu kaifi, jan ganye a tsakaninsu, ta ce sun yi mata kama da duwatsun hanyar Jos. Ni dai har yanzu Nikko, saboda hanyar nan mai haruffa. Na san kuɗin tikiti da biza ba na mai riƙe lissafin albasa ba ne a yanzu, amma na sa a raina, kuma na roƙi Allah ya nuna min da idona kafin yaron nan ya gama karatu ya dawo.

Muna cikin haka 'yar tawa ta shigo da gudu da wani abu a hannu. Akwai bishiyar da 'yan Legas suke kira furut a ƙofar gidan da muke haya, mai faffaɗan ganye, wadda yara suke fasa ƙwallonta su ci. Ashe tun safe take neman nata jan ganyen, ta samo guda ɗaya da ruwa ya kaɗo, ya fi tafin hannuna girma, ja sosai da ɗigo-ɗigon rawaya a gefe, jijiyoyinsa sun fito raɗau, ɗan laka a bakinsa. Kullum ina wuce bishiyar nan, sau nawa na ga maigadi yana share irinsa yana tsaki. Muka goge shi da tsumma, na ɗauki hotonta riƙe da shi na tura wa kawunta, ita kuma ta sa shi a tsakiyar littafin lissafinta ta ɗora ƙamus a kai.

Ƙanin nawa ya ce in Allah ya kai mu ƙarshen Nuwamba zai je Kiyoto ya sake kiranmu. Ni kuma gobe in maigida ya shigo zan roƙe shi sati ɗaya, ina so in kai yaran nan gida kafin a gama yankan dawa, ita ƙaramar ba ta taɓa ganin dami ba. Mota uku muke jira da asuba, bari in kwanta.