Ranar da na bi Jamusawa daji

Ina shekara ta biyu a Stralsund, wani gari a arewacin Jamus, abokan aikina suka ce in zo mu je daji ranar Asabar. Na tambayi wadda ta kawo maganar, wata dattijuwa da muke aikin dare tare, me za mu je ɗaukowa. Ta yi dariya ta ce ba komai, tafiya ce kawai. A garinmu, mutum ya shiga daji ba itace ba, ba kiwo ba, ba farauta ba, ai sai a fara tambayar lafiyarsa. To amma tun Nuwamba nake ƙunshe a ɗaki, sai na ce Allah Ya kai mu.

Ƙarshen Afrilu ne. A gida bazara ta kankama, ana kwana a tsakar gida saboda zafi, ni kuwa riga uku na sa. Jirgin ƙasa ya tsallaka da mu tsibirin Rügen, muka sauka a Sassnitz, muka kama hanyar ƙafa da ta ratsa gandun dajin Jasmund ta saman gaɓar teku.

Bishiyoyin da suke kira Buche ne ko'ina, dogaye, jikinsu sumul, sun fara tofo, ganyen kore shar kamar an wanke. Ƙasa ta rufe da ƙananan furanni farare. Kana cikin tafiya sai dajin ya yanke, ka ga gangare fari fat ya miƙe har cikin ruwa. Dutsen alli ne tsantsa. Da na shafa wani gutsure, yatsuna suka yi fari, sai kakata ta faɗo mini a rai, tana dangwalar alli tana murza mazari. Dattijuwar ta jawo ni baya daga bakin gaɓar, ta ce ƙasar nan zabtarewa take yi, a shekarar 2005 wasu shahararrun duwatsu a wannan hanya suka rufta cikin dare ɗaya.

Hawa da gangara kam sun ba ni kashi, ga shi takalmin zuwa Juma'a na sako. Kafin mu kai dutsen allin da ake kira Königsstuhl, mai tsayin mita 118, dunduniyata ta yi bororo. Na yi azahar a gindin bishiya, suka tsaya nesa suna shan shayi, ba wanda ya ce uffan.

Da yamma muka koma Sassnitz a bas, muka shiga wani gidan abinci a bakin tashar jiragen kamun kifi. Su suka ci kifin nan nasu da ake jiƙawa a ruwan tsami ba tare da ya ga wuta ba. Ni dai soyayye na ce a kawo. Zan nemi soyayyen dankali dattijuwar ta taɓa hannuna ta ce da naman alade ake soya shi, in karɓi dafaffe. Ban taɓa gaya mata abin da ba na ci ba, ashe tana lura.

Da aka gama, mai kawo abinci ta tambaya: a haɗe ko a rarrabe? Ni na riga na kishingiɗa, har na shirya godiya, don a wurinmu wanda ya gayyata shi ke biya. Sai na ga kowa ya zaro walat. Allah Ya rufa asiri akwai Yuro 20 a aljihun rigar ciki.

A jirgin komawa dattijuwar ta ce watan gobe za su sake fita. Ranar Litinin na je na sayi takalmi.