Kan sarƙar da na ba da a ƙera wa Yaya

Laraba da dare.

Yau dai na samu na shiga Kasuwar Kurmi wajen maƙeran azurfa, ga rana kamar me ga cunkoso, amma ban fasa ba saboda suna ya matso kuma na ƙudurta ba atamfa ko turmin leshi zan kai wa Yaya ba, waɗannan kowa zai kai.

Abin ya samo asali ne daga wani hoto da ta turo min a WhatsApp tun ranar da aka yi mata dashen ƙwai, wato IVF. Likitocin ne suka ba ta, hoton ɗan tayin yana kwana 3, wani ɗan da'ira toka-toka da ƙwayoyi 8 a dunƙule a ciki. Girmansa a lokacin bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan wani abu ba, ido da ƙyar zai gani, yau kuma shi ne wannan jaririyar mai ƙarar kuka da ta hana gidan barci. Ikon Allah kenan. Daga baya na ci karo a Instagram da wasu masu ƙera kayan ado a Turai suna yin sarƙa da ɗan kunne da siffar irin wannan, wani ƙwaya 2, wani 4, wani na kwana 5 da ƙwayoyin sun kai ɗari sun bar fili a tsakiya. Kuɗinsu da na kawowa ba na irina ba ne, sai na ce to mu ma ai muna da maƙera tun kaka da kakanni.

Dattijon da na samu yana zaune kan buzu da ɗan hantsaki a hannu, ya karɓi wayar ya kawo ta dab da idonsa ya daɗe yana kallo. Ya ce "'yata wannan fure ne ko me?" Na ce Baba mutum ne, farkon halittarsa. Sai ya ajiye hantsakin ya ce subhanallah, ya karanto ayar Suratul Muminun da ta ambaci nuɗfa da alaƙa da mudga. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ya ɗauko ƙananan ƙwallayen azurfa da ya narka, kamar 'ya'yan carbi, ya jera guda 8 a tafin hannunsa, ya lanƙwasa siririyar waya ya zagaye su ya ce haka? Na ce haka fa Baba, amma kada a daidaita su sosai, a hoton ma wasu sun hau kan wasu. Ya ce ya gane, sai dai aikin walda ne mai son haƙuri don wuta na yin yawa duk za su haɗe.

Da na dawo na nuna wa Umma zanen da ya yi min a takarda, nan fa magana ta tashi. Ita tsoronta kada a tambayi Yaya ma'anar sarƙar ranar suna ta faɗa, mutane su fara cewa 'yar kwalba. Na fahimce ta, ta san bakin mutane fiye da ni. Amma ni abin da ke ci min rai, shekarun da Yaya ta yi ana mata gori a gidan biki, ana turo mata jiƙe-jiƙe da sunayen masu magani, babu wanda ya ɓoye muryarsa, kuma babu mai tambayar ko an duba maigidan duk da likitoci na cewa matsalar kan zo daga namiji ma. Allurai ta sha su a ciki har wurin ya yi baƙi, ga zuwa awo da sassafe, ga jiran sati 2 ɗin nan bayan dashe da ko abinci ba ta iya ci. Yanzu da Allah ya share mata hawaye shi ne za a ce ta yi shiru kamar ta yi abin kunya?

Na ce Umma abin nan fa ba sabo ba ne, tun 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila ta wannan hanyar, ta girma ta haifi nata, shi Robert Edwards da ya yi binciken har kyautar Nobel aka ba shi a 2010. Kuma malaman Azhar tun 1980 suka ba da fatawa cewa ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma da aurensu. Ta ce ita ba halacci take ja ba, 'yarta take karewa.

Bayan isha na kira Yaya na faɗa mata komai, ban ma iya riƙe sirrin kyautar ba don ita ce za ta saka, ita ya kamata ta yanke. Ta yi dariya ta ce a sa mata sarƙar gajera yadda kan zai fito saman riga, wanda ya tambaya ita za ta ba shi amsa da bakinta. Gobe da safe zan kira Baba maƙeri in ce ya rage tsawon kafin ya yanka.