Bidiyon da ya ki tashi a wayar Hajiya

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ce ta bani aikin shafinta na intanet, tace so take da an bude shafin bidiyon shagon ya fara da kansa har da murya. Nace ai wannan ba wani abu bane, na sa tag din video, wato alamar dake dora bidiyo a shafi, na rubuta 'yar JavaScript dina, yaren dake ba shafi umarni, ta kira play(), umarnin kunna bidiyo, a kwamfutata komai ras. Washegari da sassafe sai ga kira, "Dan nan, ni fa baki kawai nake gani, ko kudin ne basu isa ba?" Wallahi kamar kasa ta tsage in shige.

Ashe kuskure biyu na tafka. Na farko, tun 2018 burauzar Chrome ta hana bidiyo mai sauti tashi da kansa sai mutum ya taba shafin tukuna, kuma in an hana play() shiru zaka ji, sai dan jan rubutu can a console, wajen da burauza ke nunawa masu hada shafi kurakurai, wanda ni ko lekawa banyi ba, nawa ya tashi ne kawai don na wuni ina danne-danne a shafin. Sai da na kara muted don bidiyon ya fara ba murya, da kuma playsinline mai barinsa a cikin shafin saboda iPhone din 'yarta dake fisgo bidiyon ya cike fuskar waya.

Na biyun shi ya cinye min kwana biyu. Fayil din MP4 yana da wani sashe da ake kira moov, shine kamar jadawalin da ke gayawa burauza inda kowane hoto da sauti yake, to nawa can karshen fayil yake, ita kuma sabar da muka kama mai araha, wato kwamfutar dake ajiye shafin, bata yarda a yanko karshen kadai, dole sai waya ta sauke komai kafin ta nuna ko dakika daya. A wifi din ofis ba zaka taba lura ba, amma mai sayen data ta dari biyar fa? Layi daya na ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, da -movflags +faststart ya dawo da moov gaba, shikenan.

Yanzu kafin in mika aiki sai na kashe wifi na gwada da tsohuwar Tecno ta kanina a tsakar gida inda sabis ke wahala. Hajiya dai har yau bata hakura da maganar murya ba, na sa mata katon maballi mai rubutun "Kunna sauti", tace ja yayi yawa a mayar dashi ruwan goro.