Laraba: tsohuwar da ke bencin baya

Yau kwana goma sha biyu ke nan da aka sallamo mu daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda mu zo mu zauna a kotu mu ga yadda ake aikin da ido. Mu huɗu aka haɗa a kotun majistare ɗaya. Namu zama ne da saurare da rubutu a littafin rahoto, wanda sai mun nuna shi in mun koma makaranta. Ba mu da bakin magana a gaban alƙali tunda ba a rantsar da mu ba tukuna.

Bakwai da rabi na fita, farar riga da baƙin siket, Umma na biyo ni har zaure da kofin kunu wai in kurɓa ko sau biyu ne. Na samu a-daidaita-sahu da wuri, na isa kafin motar gidan yari ta kawo mutanenta.

Shari'a huɗu na farko duk ɗagewa aka yi. Ɗaya mai shaida bai zo ba, ɗaya lauya ya aiko cewa yana babbar kotu. Ta biyar ce ta tsaya min a rai. Wani saurayi ne da bai fi shekara ashirin da biyu ba, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Ana tuhumarsa da karɓar kayan sata, sashe na 317 na kundin Penal Code. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanto rahoton farko da Turanci, tafinta ya matsa kusa da yaron ya mayar masa da Hausa ƙasa-ƙasa. Ya ce bai aikata ba, sayen wayar ya yi a hannun wani. Wata lauya da ke zaune a gaba ta miƙe ta roƙa masa beli, mai shari'a ya bayar: naira dubu ɗari biyu, da mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya ya zama mai unguwa ko ma'aikacin gwamnati. Aka sa wata rana, aka kira ta gaba. Duka-duka bai kai minti goma ba.

Ni a littafina har na rubuta cewa an ba da beli cikin sauƙi.

Da aka tafi hutun rabin rana na fito neman ruwa. A gindin dalbejiyar da ke harabar sai na ji an riƙo min hannun riga. Tsohuwar da na gani tun safe a bencin baya ce, da koren mayafi da ya sha wanki, da leda ɗaure a hannunta. Daga baya na gane abinci ne ta ƙullo wa ɗanta, ba ta samu ba shi ba.

Ta ce, "Lauya, don Allah me alƙali ya ce a kan yarona?"

Na ce, "Iya, ni ɗaliba ce, ban zama lauya ba. Amma ina ciki, na ji abin da aka faɗa. An ba shi beli."

Ba ta yi murna ba. Ta ce ai wani mutum ya riga ya tare ta a bakin ƙofa ya gaya mata sai ta kawo dubu ɗari biyu a hannu, ta ba shi ya shigar mata. Ta fara lissafa min abin da ta mallaka: keken ɗinki, akuya biyu, da kuɗin adashin da sai wata mai zuwa za ta kwasa. Tana magana tana murza bakin mayafi, idonta a bushe, irin na wanda ya gama kukansa tun a gida.

Na san abin da aka koya mana, cewa wannan adadi alkawari ne ake sa wa hannu a takarda. Mai tsayawa yana ɗaukar nauyin cewa zai riƙa kawo wanda ake tuhuma duk ranar zama, sai in ya gudu ne kotu za ta nemi kuɗin a wurinsa. Amma na ji tsoron in faɗa mata abu da ka, ya zama mai shari'a ya ƙara wani sharaɗin da ya wuce ni. Na ce ta jira ni a inuwa. Na sami lauyar da ta roƙi belin tana haɗa takardunta, na gaishe ta na tambaye ta. Ta ce haka ne, ba a ce a ajiye ko sisi ba. Ta taso da kanta muka je wurin tsohuwar, ta yi mata bayani da Hausa tiryan-tiryan: ta nemo mai unguwarsu da wani mutum ɗaya, kowa ya zo da katin shaidarsa da ƙananan hotuna, za a je a duba inda suke zaune, sannan su sa hannu a ofishin rajistara. Ta ja mata kunne kada ta miƙa wa kowa kuɗi a harabar nan. Ta kuma gaya mata akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, don shari'ar da sauranta.

Sai a lokacin tsohuwar ta zauna a kan tushen bishiyar ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya yi muku albarka, 'ya'yan nan."

Tun da na dawo nake juya abin. Tsarin mulki na 1999, sashe na 36, ya ce dole a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta. An yi wa yaron wannan, ba a tauye shi ba. To amma shi an mayar da shi mota an rufe. Wadda za ta yi zirga-zirgar fito da shi tana bencin baya, ba ta tsinci komai ba sai adadin kuɗin, shi ma a bakin macuci ta ji shi. Shekara biyar na yi a jami'a, ga watannin Bagauda, na haddace sharuɗɗan beli don jarrabawa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa yake gaya wa uwa abin da aka yanke ba. Da na tsaya hira da abokan karatuna a ciki kamar jiya, da keken ɗinkin nan ya tafi kafin Juma'a. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, har yanzu ban huce ba.

Na ba ta lambar wayata. Ɗaya daga cikin abokan zamana ya ce in yi hattara, kada a ce ɗaliba na neman masu ƙara tun ba ta sa gashin lauya ba. Maganarsa da gaskiya a ciki, muna karanta ladubban aikin kuma na san iyakata. Na gaya wa lauyar abin da na yi, ta ce ba laifi muddin duk tambayar da ta shafi shari'ar na turo ta wurinta.

A gida na tarar da Gwaggo ta zo, ita kuma da maganar ranar biki. Dangin mutumin nawa suna so a tsayar da lokaci. Na ce mata, "Gwaggo, ku yi min haƙuri in gama jarrabawar ƙarshe. Darasi biyar ne a kaina, ko ɗaya na faɗi sai na sake zama." Ta dubi Umma, Umma ta ce Abba ma haka ya gani. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ci tuwo kafin ta tafi.

Bayan isha'i mutumin nawa ma ya kira. Na ɗauka maganar ranar zai tayar, sai ya ji muryata ya ce me ya faru. Na kwashe labarin tsohuwar na ba shi. Ya yi shiru, sannan ya ce lokacin da aka taɓa kama ƙanin abokinsa, gonar gado suka jinginar saboda irin wannan maganar, ba su san ba haka abin yake ba sai bayan shekara. Batun biki kuma ya ce in bar masa, zai je ya sami Hajiyarsa da kansa.

An ɗauke wuta wajen tara, na kunna fitilar caji na buɗe darasin shari'ar laifuka. Ban yi shafi uku ba wata baƙuwar lamba ta shigo. Jikan tsohuwar ne ya kira ya miƙa mata. Ta ce mai unguwa ya amince, maƙwabcinsu malamin firamare shi ma ya ce zai tsaya. Na sake tuna mata hotuna da katin shaida, na sa jikan ya maimaita min don in tabbatar ya riƙe. Na tura wa lauyar saƙo, ta amsa cewa su same ta ƙarfe takwas da rabi.

Gawayin dutsen guga ya kama, bari in goge farar rigar gobe. Ina so in riga su isa bakin ƙofar kotun, kafin macucin nan ya gan ta.