Godiya bayan jinyar Inna

Assalamu alaikum. A madadin gidanmu ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da abokan arziki na ƙauyenmu da na cikin garin Ringim, bisa tsayuwar da kuka yi mana a jinyar Inna, wadda santsi ya kayar a gindin randa ta karye a ƙugu. Alhamdu lillahi an sallamo ta daga Asibitin Ƙashi na Dala, har ta fara takawa da ƙarfen dogarawa.

Direban da ya kai mu Kano cikin dare bai karɓi ko kuɗin mai ba. Jama'ar masallaci sun yi karo-karo, maƙwabta sun riƙe mana girki da yara, samari kuma suka cire mana gyaɗa ba mu nan. Allah ya saka wa kowa da alheri, har da likitoci da nas-nas. Kawu, taka godiyar daban ce, domin kai ka tsaya kai da fata sai asibiti. Masu ɗori suna nasu ƙoƙarin, amma karayar ƙugu a jikin tsoho ta fi son tiyata da wuri, saboda doguwar kwanciya ita ke jawo gyambo da ciwon huhu.

Kusan duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaya, yaya santsi a gindin randa zai karya mutum haka? Likita ya ce ƙashinta ya daɗe yana zaizayewa ta ciki, kamar azarar da gara ta cinye. Ƙarfin ƙashi yana cika ne wajen shekara 30, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali, mace kuwa da ta daina al'ada sai abin ya ƙara gudu. Ba zafi, ba zazzaɓi, shi ya sa ba a farga. Ranƙwafawar nan da kowa ke ce wa tsufa, ashe ƙasusuwan gadon bayanta ne ke lotsawa. A lissafin duniya, mace 1 cikin 3 da ta haura 50 takan samu karaya saboda zaizayewar ƙashi, maza kuma 1 cikin 5.

Ya kuma ja mana kunne kan ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake ƙullawa a leda ranar kasuwa. Wasu akwai dexamethasone a ciki, wanda yawan shansa ke cin ƙashi. Don Allah masu zuwa dubiya kada a zo mata da magani kowane iri, asibiti sun ba ta nata. Wanda ya ga dama ya riƙo kindirmo ko zogale, suna cikin abin da aka ce ta yawaita ci. An fi samun ta a farke bayan la'asar.