Kangon bayan gidanmu

Talata, tsakiyar Agusta.

Ruwan daren jiya ya yi wa mutanen kangon bayan gidanmu ɓarna. Tun bara suke ciki, daga wani ƙauyen Batsari 'yan bindiga suka koro su. Ba ƙofa, ba taga, buhuna suka ɗinka suka yi labule. Masai ma babu, sai dai a zaga bayan gini, ga kwata ta cika ta tumbatsa har bakin ɗakin da suke kwana.

Da hantsi na kai musu kunu. Matar ta ce, "Yaya, don Allah duba mini yaron nan, ya ƙi ko zama." Bai wuce shekara biyu ba. Gashi ya yi ja, dantse kamar sillen kara, ido ya faɗa. Na ce mata ai wannan tamowa ce. Ta ce ta sani, an auna dantsensa a asibiti, ma'aunin ya nuna ja, wato bai kai santimita 11.5 ba, har an ba ta madarar gyaɗar nan ta cikin leda.

To ina madarar? Ta sunkuyar da kai. 'Ya'yanta biyar, kuma sauran huɗun ma da yunwa suke kwana. Shi kaɗai aka rubuta wa, amma wace uwa ce za ta ba ɗaya sauran na kallo? Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa ta inda zan fara. Masu cewa jahilci ne ke kashe yaran nan ba su taɓa shiga kango ba. Matar nan har haɗin ruwan gishiri da sukari ta iya. Gero ne babu, gonarsu kuwa tana can ba mai iya taka ta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na 2025, ban da waɗanda suka mutu a gida.

Da la'asar masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina suka shigo layinmu, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Na ja su har kangon, aka ba ƙananan.

Gobe da sassafe za mu mayar da shi asibiti, don da magariba gudawa ta fara masa. Maigidana ya yi ƙorafin yadda kuɗin Napep ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma dai ya ce zai biya.